Yadda Atemisinin Ke Kashe Ƙwayar Maleriya, da Dalilin da Zafi Ke Ɓata Shi

Mene ne furi-radikal?

Ƙwayar sinadari ce mai ɗauke da elektiron guda marar abokin haɗi, don haka ba ta iya zama lafiya sai ta fizgi wani daga abin da ke kusa da ita, ko ta manne masa. Wannan fizga ita ake kira oksideshan, dangin abin da ke sa ƙarfe tsatsa.

Ina ruwansa da maganin zazzaɓin cizon sauro?

Tun da Gana ta yanke shawarar barin kulorokwin a 2004, magungunan da ake ba mai zazzaɓi a unguwannin Kumasi irin su Aboabo ko Asawase sun dogara ne kan atemisinin, wanda Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar a ƙasar Sin a 1972 daga wani tsiro dangin tazargade. A jikinsa akwai ƙwayoyin oksijin biyu haɗe da juna da ɗauri mai rauni. Ƙwayar maleriya kuwa tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta cinye sinadarin himogulobin, mai ɗaukar oksijin a jini, sai ƙarfen da ke cikinsa ya fito fili. Da zarar maganin ya gamu da wannan ƙarfe, ɗaurin ya tsinke, sai furi-radikal su ɓarke su manne wa furotin ɗin ƙwayar cutar har ta mutu. Wato cin abincinta ne ke kunna gubar da ke hallaka ta, shi ya sa lafiyayyun ƙwayoyin jini suka fi tsira.

To, me ya sa ake haɗa shi da wani magani?

Saboda ba ya daɗewa a jini; cikin 'yan sa'o'i yawancinsa ya fita. Lumefantirin ko amodiyakwin ne ke tsayawa ya gama da sauran ƙwayoyin, kuma dalilin cika kwana uku ke nan ko da jiki ya yi sauƙi.

Oksideshan na cutar da mai shan magani?

Yana iya yi. Piramakwin, wani maganin maleriya, na fasa jajayen ƙwayoyin jini ga wanda aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD mai kare su daga oksideshan, abin da ba baƙo ba ne a Yammacin Afirka. Amodiyakwin ma yakan rikiɗe ya zama sinadari mai taɓa hanta, wanda ya sa aka daina shan sa don rigakafin matafiya.

Wurin ajiya na da tasiri?

Ƙwarai, kuma a ganina nan aka fi sakaci. Raunin da ke ba maganin ƙarfi shi ne ke sa zafi da laima su lalata shi, alhali kwalinsa na nan tsaf. Galibi ana rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 30, ma'aunin da tiren mai talla a zafin ranar kasuwar Kejetia ta Kumasi yakan wuce. Allurar atesunet ma, wadda daga atemisinin ake yin ta, ba a haɗa ta da ruwanta sai lokacin da za a yi wa majinyaci.