Neman aikin koyarwa a tsangayoyin kimiyya da injiniyanci a jami'o'in Najeriya

Aikin malamin jami'a a Najeriya yana da matakai bakwai. Na ƙasa shi ne wanda ake kira GA, wato mai digirin farko da sashe ya riƙe don ya ci gaba da karatu yana taya koyarwa. Daga nan sai mataimakin lakcara, Lakcara II, Lakcara I, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa. Takardun mai nema su ke nuna matakin da zai shiga. Mai digiri na biyu yakan fara daga mataimakin lakcara, mai digirin digirgir kuma daga Lakcara II. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, wadda aka kafa a 1962, ta daɗe tana nanata cewa digirin digirgir ne ya kamata ya zama ma'aunin malamin jami'a, kuma da wuya mutum ya kai babban lakcara ba tare da shi ba.

Idan gurbi ya samu, ofishin magatakardar jami'a ne ke fitar da sanarwa a jarida ko a shafin intanet. Ana neman takardar tarihin karatu da aiki, kwafin shaidar digiri, takardar yi wa ƙasa hidima ko ta yafe masa hidimar, da sunayen mutum uku da za su rubuto shaida a kansa. Yawanci ana son digirin farko ya kasance mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba. A jami'o'in tarayya akan haɗa da takardar shaidar ƙaramar hukuma, saboda ƙa'idar raba daidai tsakanin jihohi.

Injiniyoyi suna da ƙarin sharaɗi: rajista da COREN, majalisar da dokar soja mai lamba 55 ta kafa a 1970 don kula da sana'ar. Wannan ya dace, domin wanda zai koyar da ƙirar gada ko shimfiɗa layin lantarki ya kamata sana'ar ta san da zamansa.

Amma inda gizo ke saƙa shi ne jerin maƙalun bincike da mai nema ya buga. 'Yan kwamitin tantance masu nema sukan buɗe wannan shafi su bi shi layi-layi: wace mujalla ce, masana sun tace aikin kafin a buga, sunan mai nema ne a farko ko an raɓa shi a ƙarshe? Maƙala biyu a mujalla mai mutunci sun fi goma a irin waɗanda ake biya yau a buga gobe. A ranar ganawa kuwa, gaban shugaban sashe da shugaban tsangaya, akan sa mutum ya bayyana bincikensa, wani lokaci har a miƙa masa alƙalamin allo a ce ya koyar. Wanda ya dawo daga karatu a waje yana iya cin karo da tambaya mai nauyi: na'urar da ka yi aikinka da ita babu ita a ɗakin gwajinmu, wuta ma ba kullum ba, to da me za ka ci gaba? Amsa mai gamsarwa takan ambaci haɗin gwiwa da wata cibiya, ko neman tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, wanda dokar 2011 ta ba shi wannan suna.

Wanda aka ɗauka yakan yi wa'adin gwaji na 'yan shekaru kafin a tabbatar masa da aiki. Ƙarin girma zuwa matakai biyu na sama sai an aika ayyukansa ga farfesoshi na wasu jami'o'i sun auna su a asirce. Tun daga 2012, farfesa yana yin ritaya ne yana da shekara 70.