Zafin fuska ba shi ne ma'aunin hawan jini ba

An daɗe ana cewa in fuska ta ɗau zafi ta yi ja, tansiyo ce ta hau, wato hawan jini. Galibi hawan jini ba ya nuna alama, mutum sai ya shekara da shi bai sani ba. Zafin fuska kuwa, ranar garin Tawa kaɗai ta isa ta kawo shi, haka yaji, ɓacin rai, ko ɗaukewar al'ada ga mata. Har maganin hawan jinin kansa, irin amlodipine, yakan sa shi.

Awo ne ke raba gardama. A guji shayi minti 30, a zauna minti 5, sannan a auna a asibiti. In ya kai 140/90 a ranaku daban-daban, a ga likita.

Don Allah ku tura wa 'yan uwa.