Waiwaye: fulutoniyom da fulorin, da gishirin da ke cin kansa

Duk wanda ya taɓa juya kwalin man goge baki ya ga an rubuta fuloraid, to fulorin ɗin nan dai shi ne za mu waiwaya a kai, sai dai a nan ba haƙori aka haɗa shi da shi ba, fulutoniyom ne, ƙarfen da ba a haƙo shi kamar kuza ko zinare, mutum ne ke samar da shi daga yuraniyom.

A ƙarshen 1940 ne a jami'ar Berkeley ta Kaliforniya Glenn Seaborg da Edwin McMillan da Joseph Kennedy da Arthur Wahl suka harbi yuraniyom a cikin injin da ake kira saikuloturon, zuwa watan Fabrairun 1941 suka tabbatar sun samu sinadari na 94. Amma samun na baki ne kawai fa, babu abin da ido ya gani, na'urar ƙirga rediyeshan ce kaɗai ke ƙyas-ƙyas tana cewa akwai wani abu a ruwan. Ta yaya za ka kamo abin da ba ka gani? Ɗaya daga cikin dabarun da aka dogara da su a shekarun nan ta yi kama da yadda mata ke jefa alif a randar ruwan gulbi ya janye laka ya kwanta da ita. A samar da gishirin lantanom fuloraid a cikin ruwan, idan fulutoniyom yana mataki na 3 ko na 4 (matakin nan shi ne yawan ilektiron ɗin da aka raba shi da su) sai ya bi shi ƙasa su kwanta tare, idan kuwa an ɗaga shi zuwa mataki na 6 sai ya ƙi bi ya zauna a ruwa abinsa, a yi ta juya shi haka sama da ƙasa har a rabu da sauran tarkacen.

Ranar 20 ga Agustan 1942, a ɗaki mai lamba 405 na ginin Jones a jami'ar Shikago, Burris Cunningham da Louis Werner suka ware fulutoniyom kusan maikurogiram 1 (kashi ɗaya cikin miliyan na giram), kuma a siffar gishirin fuloraid aka fara ganin sa ta madubin ƙara girma. Ranar 10 ga Satumba suka ɗora wani a sikeli, wannan karon oksaid ne, wato haɗe da oksijin, maikurogiram 2.77. Ƙwayar gero guda ɗaya ta ninka shi nauyi sau dubbai! A Nuwamban 1943 aka fitar da ƙarfen farko, shi ma daga fuloraid, daga baya a Los Alamos, cibiyar ƙera bam ɗin nukiliya ta Amurka, aka riƙa ƙona PuF4, wato gishirin fulutoniyom mai fulorin 4, da kalsiyom, kalsiyom ya ƙwace fulorin ya bar ƙarfen. Wallahi duk lokacin da na lissafa abin yana ɗaure min kai, daga ɗigon da sai da madubi zuwa kilo kusan 6 da aka jefa wa Nagasaki ranar 9 ga Agustan 1945 ba a ma cika shekara 3 ba.

PuF4 ɗin nan yana da wani mugun hali da ma'aikata suka sha fama da shi. Ƙwayoyin rediyeshan da ake kira alfa da fulutoniyom ke fitarwa takarda ma tana tare su, amma idan suka bugi fulorin da ke manne da shi sai wata ƙwayar da ake kira niyutiron ta ɓalle, shi kuma niyutiron ba ruwansa da gilashin akwatin aiki ko safar hannun roba, ratsawa yake yi.

Sai babban buri, wato PuF6, gishirin fulutoniyom mai fulorin 6. Ɗan'uwansa na yuraniyom, UF6, shi ne ƙashin bayan tace yuraniyom har gobe, saboda yana zama iska a wajen digiri 56 kuma fulorin nau'i ɗaya tak gare shi a halitta, mai nauyin 19, don haka duk bambancin nauyi daga yuraniyom yake. (Teflon ɗin da ke kaskon suyar zamani ma a wajen tace yuraniyom ya fara aiki sosai, don shi ne ke jure cin wannan iskar.) To sai aka ɗauka fulutoniyom ma haka zai yi. Ina! Tun 1942 ake ganin alamarsa amma sai 1950 Alan Florin ya kama shi a Los Alamos. Ja-ja ne mai ɗan ruwan ƙasa, yana narkewa a digiri 52 ya tafasa a 62, sai an kai zafi wajen digiri 700 yake haɗuwa kuma in ba a sanyaya shi nan take ba ya wargaje ya koma PuF4. Ko an samu an ajiye shi ma ba a tsira ba, alfar da ke fita daga cikinsa ita ke karya shi, a daskare kusan kashi 1.5 cikin 100 ke lalacewa kullum, shi ya sa aka gwammace a ajiye shi a siffar iska. In kuma ya haɗu da ɗan danshi ya saki asid ɗin da ke cin gilashi. A 1984 masu bincike a Los Alamos suka nuna ana iya yin sa ba tare da wannan zafin ba da wani sinadari O2F2, haɗin oksijin da fulorin, sai dai shi wannan ɗin kusan komai ya taɓa sai ya kama da wuta, an gudu ba a tsira ba ke nan.

Abin da ake so da shi dai a sarari yake, a hura fulorin kan tsohon makamashin tashar nukiliya, yuraniyom da fulutoniyom su zama iska su tashi su bar mafi yawan dattin a ƙasa. An gwada a cibiyar bincike ta Argonne a Amurka cikin shekarun 1960, a ta Oak Ridge kuma aka gina tukunyar gwaji mai narkakken gishirin fuloraid da ta yi aiki daga 1965 zuwa 1969, a 1968 suka cire yuraniyom ɗinta da fulorin lafiya lau, a 1969 har suka zuba mata PuF3, gishirin fulutoniyom mai fulorin 3. Da yuraniyom abin ya tafi, fulutoniyom ne ya ƙi ba da kai yadda za a kai shi masana'anta, a ganina kuma ba rashin ƙwarewa ba ne, halin sinadarin ne.

Mutanen Arlit sun san rabin wannan hanyar. A baya an yi shekara da shekaru garin yuraniyom ɗinsu yana bin mota zuwa Kwatano, ya shiga jirgin ruwa zuwa Faransa, a Malvési a mai da shi UF4, a Tricastin ya zama UF6. Amma bayan ya ƙone a tashar wuta wani ɓangarensa ya rikiɗa fulutoniyom, a La Hague da asid ɗin naitirik ake raba shi ba da fulorin ba, a oksaid yake fita, a oksaid ake kai shi Marcoule a cakuɗa shi cikin sabon makamashi.