Galbanizim, Faradizim: Sunaye Masu Nauyi a Bakin Masu Injin Jijjiga

'Yan uwa, wanda ya taɓa kama minjirya a rafi ya san yadda wuta ke ratsa hannu. Tun zamanin Romawa wani likita, Scribonius Largus, yana ɗora wa mai ciwon kai irin wannan kifi na teku. Wato maganin lantarki tsohon abu ne, sunayensa ne kawai ke ruɗa mutane, musamman a bakin masu kafa injin jijjiga a kasuwa suna cewa yana warkar da cututtuka.

Galbanizim daga sunan Luigi Galvani ne, likitan Bolonya a Italiya, wanda a 1791 ya wallafa yadda ƙafar mataccen kwaɗo ke motsi idan wuta ta taɓa jijiyarta. Kalmar na nufin wutar batir mai gudana bai ɗaya. Faradizim kuwa, daga Michael Faraday na Ingila, wuta ce mai tsinkewa tana dawowa, ita ke sa tsoka ta riƙa zabura. Akwai kuma firankilinizim, tartsatsin da ake samu ta hanyar goga abubuwa, don tunawa da Benjamin Franklin. Duka sunayen nau'in wuta ne, babu wanda ke nufin waraka.

Labarin da na fi so in ba masu zuwa asibiti shi ne na Elisha Perkins, ɗan Amurka. A 1796 ya yi rajistar wasu 'yan sandunan ƙarfe biyu, ya ce suna zuƙe mugun lantarkin da ke kawo ciwo. Suka yi kasuwa har Ingila. A 1799 likita John Haygarth na garin Bath ya sassaƙa irinsu da itace, ya shafa musu fenti, ya gwada kan mutum biyar masu ciwon gaɓoɓi. Huɗu suka ce sun ji sauƙi. Da itace fa!

A yau sashen gashin ƙashi a asibiti na amfani da wuta kaɗan don rage zafi ko motsa tsokar da ta yi rauni, bayan an duba mutum. Amma injin da aka kafa a bakin kasuwa ba ya warkar da ciwon suga ko hawan jini, don haka kada ku ajiye ƙwayoyinku saboda shi. Mai juna biyu, mai farfaɗiya, da wanda aka sa wa na'urar bugun zuciya, kada su yarda a jona musu waya sai likita ya amince.