Waiwaye: Koyarwar Hindu ta yin aiki ba don sakamako ba

Maganar ta samo asali ne daga filin daga na Kurukshetra a Indiya, cikin wani tsohon labarin Hindu. Jarumi Arjuna ya dubi rundunar da zai yaƙa, sai ya hango kakansa Bhishma da malaminsa Drona da 'yan uwansa na jini. Yawunsa ya ƙafe, jikinsa ya ɗauki ɓari, bakan da ke hannunsa ya suɓuce. Ya ce shi kam ya fasa. Amsar da Krishna ya ba shi, wato mai tuƙa masa keken doki wanda mabiya Hindu ke bauta wa, ita ce littafin Bhagavad Gita, baiti 700 a babi 18.

Baiti na 47 a babi na 2 ya fi kowanne shahara. Abin da yake cewa shi ne, aiki naka ne amma sakamakonsa ba naka ba ne. Kada kwaɗayi ya sa ka aiki, kada kuma ka fake da hakan ka naɗe hannu. Suna kiran wannan nishkama karma, nauyin da ya hau kan mutum kuwa dharma.

Malamin Hindu Shankara, wajen ƙarni na 8, ya ɗauki irin wannan aiki a matsayin wankin zuciya kawai. Tsira a ganinsa sai da ilimi da barin duniya, kuma fahimtarsa ta daɗe tana tasiri.

Mulkin mallaka ne ya juya akalar. Turawan Ingila sun ɗaure Bal Gangadhar Tilak, ɗan gwagwarmayar 'yancin Indiya, a 1908, suka kai shi kurkukun Mandalay a ƙasar Burma (Myanmar ta yanzu). A can ya rubuta sharhinsa kan Bhagavad Gita da fensir, aka buga a 1915. Hujjarsa mai sauƙi ce: ai Arjuna da ya gama sauraro bai shiga daji ba, tashi ya yi ya ɗauki makami.

Gandhi, wanda ya fara karanta littafin da Turanci yana ɗalibi a Landan, bai yarda da nan ba. Ya ce filin dagar zuciyar mutum ce, kuma wanda ya cire rai daga sakamako ba shi da dalilin zubar da jini. Fassararsa ta harshen Gujarati ta fito a 1930, shekarar da ya jagoranci tattakin adawa da harajin gishiri na Turawa.

Inda gizo ke saƙar, a ganina, shi ne wa zai yanke wa mutum nauyin da ke kansa. Littafin ya ce gara ka yi naka aikin ko da tangarɗa da ka ƙware a na wani. B. R. Ambedkar, ɗan siyasar Indiya da aka haifa cikin rukunin mutanen da ake ƙyamar taɓawa saboda asalinsu, ya ji wannan da wani kunne daban: kariya ce ga tsarin da ke ɗaure ɗan mai shara ga tsintsiya har abada. Nathuram Godse kuwa, da ya harbe Gandhi ranar 30 ga Janairun 1948, a gaban kotu ya kafa hujja da Arjuna da Krishna.