Tankin Sama da Masai: Abin da Muke Tararwa a Gidajen Kano

Jama'a, gidaje kaɗan ne a Kano yau suke dogara da ruwan Tamburawa ko na Challawa shi kaɗai. Wani ya haƙa burtsatse ya zura sumo, wani 'yan garuwa ne ke juye masa jarkoki, kuma da yawa sun ɗora tanki a sama. Abin da ke damunmu mu duba-gari shi ne, daga ranar da aka ɗora tankin nan ba a sake waiwayarsa, sai famfo ya ƙi kawowa.

Maigida, don Allah ka sa tsani ka leƙa. Laka za ka gani ta kwanta a gindi, gansakuka ta yi kore a jikin bango, wani gidan har mataccen ƙadangare mun sha tsamowa saboda iska ta ɗauke murfin tun bara. Duk da haka ruwan yana fitowa garau, uwargida ta ɗiba ta dama wa yaro koko. Ƙwayoyin kwalara da taifot ba sa canza wa ruwa kala, ba sa sa shi wari.

A wanke tanki duk wata shida. A zubar da ruwan, a goge ciki da buroshi, a ɗauraye, a sake cikawa. Tankin lita 1,000 a zuba masa lita ɗaya da rabi na bilicin wanki, irin Hypo ko Jik mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari. Sai a bi famfunan gidan ɗaya bayan ɗaya a buɗe, da an ji warin bilicin a rufe, domin fayif ɗin ma ya samu rabonsa. A bar shi ya kwana ya wuni. Wannan ruwan ba na sha ba ne, ba na alwala ba ne, a ja wa yara kunne. A zubar, a ɗauraye har warin ya tafi, amma kada a kora shi cikin sokawe, yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da bahaya.

In famfo yana tari yana feso iska, ko dai ruwan tanki ya yi ƙasa, ko wata mahaɗa ta saki tana zuƙo iska. In sumo yana kuka amma ba ruwa, a kashe shi nan take, aiki a bushe ƙona shi yake. Waɗannan na mai gyara ne.

Wanda ke hana ni barci shi ne fayif ɗin da aka bi da shi ta cikin kwata. A lungunan cikin gari, da Fagge, da Kurna, za ka ga fayif kwance a lambatu an ɗaure inda ya tsage da robar tayar keke. Idan ruwa na gudu, waje yake tsiyaya, ba a ganin illar. Da an ɗauke ruwa sai fayif ɗin ya koma zuƙa, ya ja ruwan kwata ciki, washegari ya kawo maka shi har randa. A damina, lokacin da kwatoci ke ambaliya, ta irin wannan hanyar amai da gudawa ke shiga unguwa. A yanke wurin a canza, a ɗaga fayif ɗin sama da kwatar. Ɗauri ba gyara ba ne.

Ƙa'idar lafiya ita ce a bar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai ko sokawe. Na san filayenmu ba su kai haka ba, kuma ko ka nisanta naka, na maƙwabci yana bayan katanga. To wanda burtsatsensa ke kusa da rami ya tafasa ruwan sha, ko ya sa maganin tsaftace ruwa na WaterGuard yadda aka rubuta a jikin kwalbar.

Banɗakin zamani kuwa, ɗan ruwan da ke tsaye a wuyansa shi ke tare wari. Na ɗakin baƙi da ba a shiga yakan bushe lokacin hunturu, a zuba masa ruwa, buta guda ta wadatar. In warin bai tafi ba, a duba fayif ɗin iska na sokawe, ƙila ya toshe. Famfas, audugar mata da leda ba sa narkewa, a ajiye musu bokiti mai murfi. Kada kuma a haɗa bilici da Harpic wai don ya fi fita, hayaƙin da ke tashi guba ne mai ƙona huhu.

In rami ya cika a kira motar yashe masai. Kada wani ya sauka ciki, ko da wayarsa ce ta faɗa, domin iskar da ke taruwa a ƙasa tana sumar da mutum cikin ɗan lokaci, kuma wanda ya bi shi don ceto shi ma takan kama shi.