Dokar Turai ta 2035 kan motocin fetur: abin da ta ce da inda ta taɓa mu a Bauchi

Maganar da ke yawo a bakin dillalan mota da direbobin tasha ita ce wai Turai ta haramta motar fetur, nan da 'yan shekaru duk Golf da Sharan da Vectra ɗin da ke jigila tsakanin Bauchi da Gombe za su zama tarkace, babu kayan gyara, babu mai saye. Dokar kam akwai ta. Amma ba haka ta ce ba, kuma duk wanda ya karyar da motarsa saboda wannan jita-jita ya cuci kansa. Dokar ba ta yi magana da mai mota ba ko kaɗan. Kamfanonin da ke ƙera motoci ta ɗaure, kuma su ne ta hana barci.

A takarda lambarta 2023/851, gyara ce aka yi wa wata dokar Tarayyar Turai ta 2019. Majalisar dokokin tarayyar ta amince da ita a watan Fabrairun 2023, 'yan majalisa 340 suka goyi baya, 279 suka ƙi. Ministocin ƙasashen suka kammala aikin ranar 28 ga Maris na shekarar. Ba cikin ruwan sanyi ta wuce ba. Poland ta ce ba ta yarda ba, Italiya da Bulgeriya da Romaniya suka ƙi jefa ƙuri'a, Jamus kuwa ta riƙe dokar har sai da aka yi mata alkawarin barin ƙofa ga motocin da za su sha man da ake haɗawa a masana'anta maimakon wanda ake haƙowa.

Abin da dokar ke aunawa abu ɗaya ne: nauyin iskar kabon da ke fita ta salansa duk tafiyar kilomita guda. Ba mota ɗaya ake kamawa a auna ba. Ana tattara dukkan sababbin motocin da kamfani ya sayar a ƙasashen tarayyar cikin shekara, a fitar da matsakaici. Daga 2025 zuwa 2029 matsakaicin da aka sa wa tarayyar baki ɗaya shi ne giram 93.6 a kilomita, sai dai kowane kamfani ana ɗan daidaita masa nasa gwargwadon nauyin motocinsa. A 2030 dole hayaƙin ƙananan motoci ya ragu da kashi 55 cikin 100 idan aka kwatanta da na 2021. A 2035 kuma ya ragu ɗari bisa ɗari, wato sifili.

Domin a gane tsananin wannan lamba, litar fetur ɗaya idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na kabon. Giram 93.6 a kilomita ke nan kamar lita huɗu ne a tafiyar kilomita 100. Daga Bauchi zuwa Gombe wajen kilomita 150 ne, to mota ta kai ka da lita shida. Ka tambayi kowane direba a tashar Muda Lawal ko lita shida za ta kai shi Gombe, ka ji amsar da zai ba ka. Da injin fetur zalla babu kamfanin da zai riƙe wannan matsakaici a kan duk motocinsa, manya da ƙanana. Hanyar da ta rage masa ita ce ya sayar da motocin lantarki da yawa, tunda a lissafin dokar kowace ɗaya sifili ce, ita ke jan matsakaicin ƙasa. Shi ya sa dokar ba ta buƙaci ta ambaci haramci ba. Sifili a 2035 ya wadatar.

Wanda ya ƙetare iyaka zai biya tara: yuro 95 a kan kowane giram ɗaya da ya haura, a ninka da adadin motocin da ya sayar. Mu ƙaddara kamfani ya sayar da mota miliyan ɗaya, matsakaicinsa ya haura da giram biyar kacal. Tararsa yuro miliyan 475 ke nan a shekara guda. Akwai ƙofa ɗaya da dokar ta bari: kamfanoni na iya haɗa lissafinsu a auna su tare. Wanda motocinsa duk na lantarki ne yana da rara, sai ya sayar wa wanda ke cikin gibi. Fiat Chrysler ta biya Tesla maƙudan kuɗi ta wannan hanya tun 2019, kuma a 2025 Stellantis da Toyota da Ford da Mazda da Subaru duk sun bayyana niyyar shiga inuwar Tesla. Ka biya abokin gasarka domin ka tsira daga tara, wannan kaɗai ya isa ya nuna irin matsin da ake ciki.

Ga abin da dokar ba ta taɓa ba, kuma nan ne jita-jitar ta kauce. Motar da ke kan titi za ta ci gaba da tafiya bayan 2035. Sayar da ta hannu bai zama laifi ba. Gidajen mai ba a ce su rufe ba, masu ƙera kayan gyara ba a ce su daina ba. Kamfanin Turai ma yana iya ƙera motar fetur ya kai ta wata nahiya ya sayar, domin abin da ake ƙirgawa shi ne sabuwar motar da aka yi wa rajista a cikin tarayyar.

To me ya sa kamfanonin ke kuka haka? Domin gaba kura ce, baya sayaki. Ribarsu a motar fetur take, kuma da wannan riba suke gina masana'antun motar da za ta kashe ta. Idan suka yi jinkiri, tara na jiransu, Sin kuma ta cinye kasuwa. Idan suka yi gaggawa, mai saye bai shirya ba. Na biyun ne ya same su a 2024. Gwamnatin Jamus ta yanke tallafin sayen motar lantarki kwatsam a Disambar 2023, ciniki ya faɗi, kason motocin batir zalla a sababbin motocin tarayyar ya sauko daga kashi 14.6 a 2023 zuwa 13.6 a 2024, a daidai lokacin da ake buƙatar ya yi sama. Volkswagen ta cimma yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikata a Disambar 2024 kan rage guraben aiki 35,000 a Jamus kafin 2030. Audi ta rufe masana'antarta ta Brussels a Beljiyam a ƙarshen Fabrairun 2025, wadda motar lantarki kaɗai take ƙerawa, kimanin mutum 3,000 suka rasa abin yi. Volvo da ta yi alkawarin komawa lantarki zalla a 2030 ta janye a Satumbar 2024. A Amurka ma sashen motocin lantarki na Ford ya yi asarar sama da dala biliyan 5 a 2024.

Tushen wahalar batir ne. Shi ne mafi tsada a jikin motar, kuma ba a hannun Turawa yake ba. Kamfanoni biyu na Sin, CATL da BYD, su ke riƙe da fiye da rabin kasuwar batirin mota ta duniya. Kamfanin batir na Northvolt da ke Suwidin, wanda Turai ta ɗora wa buri, ya durƙushe a Maris 2025. BYD kuwa tun 2022 ta daina ƙera motar fetur zalla, tana yin batirinta da kanta, shi ya sa take iya karya farashi. Tarayyar ta mayar da martani a ƙarshen Oktoban 2024 da ƙarin haraji kan motocin lantarki na Sin, kashi 17 a kan BYD, 35.3 a kan SAIC, ban da kashi 10 da ake biya tun da. BYD kuwa tun a Disambar 2023, kafin harajin, ta sanar da gina masana'anta a cikin tarayyar, a garin Szeged na Hangari. Toyota ta bi tata hanyar, ta dage kan motoci masu haɗa fetur da ƙaramin batir. An yi ta zarginta da jan ƙafa, amma cinikinta bai nuna ta yi kuskure ba.

Kukan ya yi tasiri. A 2025 aka sassauta, aka ce maimakon a auna kowace shekara ita kaɗai, za a haɗa 2025 da 2026 da 2027 a fitar da matsakaici ɗaya. Sannan a Disambar 2025 Hukumar Tarayyar Turai ta kawo shawarar a mayar da burin 2035 ragin kashi 90 maimakon 100, ragowar goman a cike shi da ƙarfen da aka narka ba da hayaƙi mai yawa ba da kuma man da ba na haƙowa ba. Shawarar hukuma ba ta zama doka sai majalisa da ministoci sun amince. Kuma ko da kashi 90 ɗin, mafi yawan sababbin motoci dole na lantarki ne. An sassauta igiyar ne, ba a kwance ta ba.

Yanzu mu dawo gida, domin nan ne abin ya dame ni. Mu ba sababbin motoci muke saye ba, abin da wasu suka gama hawa shi ke zuwa mana. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa, Najeriya na cikin manyan masu saye. Ma'ana, abin da aka ƙera a Jamus bana shi ne Beljiyam ɗin da dillali zai ajiye a bakin titin Jos ko titin Maiduguri nan da shekara goma ko sha biyar. Dokar ba ta hana mu komai ba, amma ita ke zaɓa mana abin da za mu tarar a kasuwa. Da farko motar fetur ta hannu za ta ci gaba da kwararowa. Daga baya masu haɗa fetur da batir su yawaita, sannan na lantarki zalla.

Motar lantarki ta hannu kuwa ba kamar Golf ba ce, da bakanike zai saurari ƙarar inji ya gaya maka lafiyarta. Yawancin kamfanoni garantin shekara takwas ko kilomita 160,000 suke ba batir, saboda haka wadda za ta iso mana garantinta ya riga ya ƙare. Zafi kuma yana gajiyar da batir, kowa ya san yadda Maris da Afrilu suke a Bauchi da Gombe. Nissan Leaf ta farko, wadda batirinta ba shi da na'urar sanyaya da ruwa, ta sha wannan matsala a jihar Arizona mai zafi a Amurka. Bakin abin caji ma ba iri ɗaya ba ne: na Turai daban, na Sin daban, na Amurka daban. Wanda zai sayi irin wannan mota, tambayar farko ba shekararta ba ce, kashi nawa ya rage na ƙarfin batirin, kuma a nuna masa a na'ura.

Ta fuskar kuɗin tafiya kam tana da daɗi. Matsakaiciyar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 20 a kilomita 100, irin yunit ɗin da muke lodawa a mita. Bauchi zuwa Gombe ke nan wajen yunit 23 zuwa 30. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, duk direban da ya yi wannan lissafi zai ga bambanci. Sai dai yunit ɗin sai an kawo wuta. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da mafi yawan Arewa ta kwana fiye da mako a duhu. Madatsar Dadin Kowa megawat 40 take bayarwa, wanda bai kai ko'ina ba idan aka ɗora motoci a kan gidaje da masana'antu. Abin da ya fi kama hankali a wurinmu shi ne caji da sola, da farawa daga Keke Napep da babura da motocin cikin gari masu komawa wuri ɗaya su kwana. Maiduguri ta riga ta gwada da bas-bas da tasi masu lantarki, kuma tun 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta kafa wurin caji mai sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

A dokar Najeriya babu ranar da aka sa don daina motar fetur. Abin da ke akwai shi ne alkawarin da aka ɗauka a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 na kai hayaƙin ƙasa ga daidaito a 2060, wato abin da ake fitarwa ya yi daidai da abin da ake cirewa daga iska, da umarnin 2024 da ya cire harajin VAT daga motocin lantarki. Akwai kuma ƙudirin da Sanata Orji Uzor Kalu ya gabatar kan sauyawa zuwa motocin lantarki, wanda ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa a ƙarshen 2025. Ƙudiri kuwa sai ya ratsa majalisun biyu shugaban ƙasa ya sa hannu kafin ya hau kan kowa. Habasha ce a Afirka ta yi tsalle ɗaya, ta hana shigo da motocin fetur na hawa a 2024, ita kuma tana da wutar madatsun ruwa da take taƙama da ita.

Wanda na fi jiye wa shi ne yaron da aka kai gareji bana yana ɗan shekara sha huɗu. Zai shafe shekaru yana koyon sauke inji, canjin baƙin mai, filogi, kuloci da walda salansa, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a motar lantarki. Taya da birki da ƙafafu da na'urar sanyi suna nan, amma zuciyar aikin ta koma hannun mai rewaya. Shi ma mai rewayar da wutar bolt 12 ya saba, yana gwada waya da hannu tsirara. Batirin waɗannan motoci bolt 400 ne, wasu 800, kuma wayoyin nan masu ruwan lemo ba a taɓa su sai an katse wutar ta hanyar da aka tsara, da safar hannu ta musamman. Kuskure ɗaya rai ne. Motoci masu haɗa fetur da batir sun riga sun fara shiga garejinmu, don haka ba maganar gobe ba ce.

Bauchi ta taɓa haɗa manyan motoci da taraktoci a kamfanin Steyr, saboda haka aikin ƙarfe da inji ba baƙo ba ne a garin nan. Muna da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Abin da nake roƙo ƙarami ne: ƙungiyar makanikai ta zauna da waɗannan makarantu a tsara horo na 'yan makonni, da Hausa, da yamma bayan an tashi daga gareji, a fara da masu rewaya. Darasin farko ya zama yadda ake katse wutar babban batir kafin a sa sifana, na biyu yadda ake karanta lafiyar batir a na'ura, domin dillali da mai saye su sami wanda za su kira kafin kuɗi ya fita daga hannu.